Lafiyar ƙafar yara masu raunin fahimta: tambayoyi da amsoshi ga iyaye a Sudan

Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda suka fi damun iyaye da kakanni masu riƙon yaran da fahimtarsu ke da rauni, ko lalurar Down ce sanadi, ko rauni a ƙwaƙwalwa da ya zo da shanyewar gaɓoɓi, ko wani dalili dabam. An amsa su ne da la'akari da halin da Hausawan Mai Wurno, Sinnar, Gadarif da Kasala suke ciki, inda ƙaya ta yi yawa, rana ta yi zafi, asibiti kuma ba kusa yake da kowa ba.

Me ya sa ake ware ƙafar waɗannan yara da magana, alhali kowane yaro yana iya ciwon ƙafa?

Dalili biyu ne suka haɗu. Na farko shi ne yawancin lalurorin da ke rage fahimta suna taɓa jiki ma, don haka za a tarar da yaro jijiyoyinsa sun yi sako-sako fiye da kima, ko kuma sun ɗaure sun yi tauri, kuma ƙafa ce take ɗaukar nauyin wannan bambanci a kowane taku. Na biyu, wanda ya fi na farko nauyi, shi ne yaron sau da yawa ba zai zo ya ce ƙafarsa tana ciwo ba. Wani ba shi da kalmar, wani yana jin ciwon amma ba ya iya nuna wurinsa, wani kuma ya saba da shi har ya ɗauka haka rayuwa take. Bororon da yaro mai magana zai kai ƙara a kansa tun da safe, a ƙafar wannan yaron yana iya yin mako guda har ya zama gyambo kafin a lura.

To ta yaya za mu gane cewa ƙafarsa tana ciwo idan ba ya faɗa?

Ana ganewa ne daga canjin hali. Yaron da ya saba bin 'yan'uwansa zuwa bakin ƙofa ya koma zama wuri ɗaya, ko yana neman a goya shi bayan ya daina, ko yana cire takalmi yana wurgi da shi, ko yana kuka da daddare ba tare da zazzaɓi ba, ko ya fara duka da cizo a lokacin wanka, duk waɗannan sun isa a zaunar da shi a duba ƙafarsa. Ɗingishi ma ba kullum yake fitowa fili ba, domin wani yaron zai rage tsawon takunsa ne kawai, ko ya riƙa taka gefen ƙafa.

Babban kuskuren da ake yi a gidaje, wani lokaci har a asibiti, shi ne jingina duk wani sabon abu ga lalurar da aka riga aka sani. Sai a ce ai halinsa ne, ko a ce rigimarsa ce ta motsa. Lalurar tana nan tun jiya da shekaranjiya, saboda haka ba ita ce za ta bayyana abin da ya canza yau ba. Duk uwar da ta ga canji tana da hakkin ta ce, "Likita, ba haka yake tafiya ba a watan jiya, ina roƙon a cire masa takalmi a duba," kuma ta tsaya a kan maganarta har a duba.

Yaya ake duba ƙafar, kuma sau nawa?

Kullum, kuma ya fi kyau a tsayar da lokaci ɗaya, kamar bayan wankan yamma tun hasken rana bai gushe ba, saboda waɗannan yara sun fi yarda da abin da suka saba da lokacinsa. A zaunar da yaron a kan tabarma ko gado, mai dubawa ya ɗora ƙafar a cinyarsa. A fara da diddige, a bi tafin da babban yatsa ana dannawa a hankali, ido kuma yana kan fuskar yaron, domin yamutsa fuska ko janye ƙafa shi ne amsarsa. Sannan a buɗe tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya, a dubi gefen kowane farce, a shafa idon sawu, a ƙarshe a jera ƙafafun biyu a gwada su, a ga ko ɗaya ta fi ɗaya kumburi ko ɗumi. A baƙar fata ja ba ya fitowa sosai, don haka bayan hannu ya fi ido amfani wajen gano wurin da ya yi zafi, kuma wurin da ya yi duhu ko sheƙi fiye da kewayensa abin lura ne. Aikin duka ba ya wuce minti biyu ko uku idan hannu ya saba.

'Yata mai lalurar Down tafin ƙafarta a shimfiɗe yake, ba shi da lanƙwasa. Shin cuta ce?

Kusan kowane jariri da shimfiɗaɗɗen tafi ake haifarsa, kuma lanƙwasar tana fitowa ne sannu a hankali, galibi zuwa shekara 6, wani lokaci har zuwa 10. A yara masu lalurar Down, wadda ke samuwa saboda ƙarin ƙwayar halitta ta 21 kuma take zuwa a kusan haihuwa ɗaya cikin 1,000, tsoka tana da laushi kuma jijiyoyin da ke riƙe gaɓoɓi suna da sako-sako, shi ya sa tafin yakan zauna a shimfiɗe har girma. Tare da haka akan ga ƙafar gajera ce mai faɗi, da tazara tsakanin babban yatsa da mai bi masa.

Akwai gwaji mai sauƙi da za a yi a gida. Idan yarinyar tana zaune ƙafarta na reto, ko ta ɗaga diddige ta tsaya a kan yatsu, sai lanƙwasar ta bayyana, to tafin mai laushi ne, kuma idan ba ya ciwo ba ya hana ta wasa, takalmi mai kyau ya wadatar. Idan kuwa tafin ya ƙi lanƙwasa ko ta yaya, ko ƙafa ɗaya ce kawai take haka, ko diddigen ya kwanta sosai har idon sawu na ciki yana neman taɓa ƙasa, ko tana saurin gajiya da faɗuwa, sai a kai ta wurin likitan ƙashi. Shimfiɗar da ake sawa a cikin takalmi tana tallafa wa ƙafa kuma tana rage gajiya, amma ba ta ƙera lanƙwasar da babu, kuma duk mai sayarwa da ya yi alkawarin haka yana neman kuɗi ne kawai.

Ɗana ya kai shekara biyu bai fara tafiya ba. Daga ƙafar ne?

Ba lalle ba ne. Yara masu lalurar Down sukan fara tafiya ne a wajen shekara 2, wasu kafin haka, wasu kuma sai sun kai 3 ko 4, kuma jinkirin daga laushin tsokar jiki duka yake. Abin da ke taimakawa shi ne a bar yaron a ƙasa mai tsabta ya yi rarrafe, ya kama gado ya miƙe, a rage yawan goyo, sannan a nemi masu gashin ƙashi, waɗanda a asibitocin nan ake kiran sashensu ilaj tabi'i, su koya wa iyaye motsa jikin da za a riƙa yi masa a gida. Ya dace kuma a gwada jininsa don duba aikin ƙullun maƙogwaro da ake kira tayirod, domin rauninsa ya yawaita a waɗannan yara, kuma yana kawo kasala da bushewar fata.

Yaronmu yana tafiyar sanɗa, diddigensa ba ya taɓa ƙasa. Zai daina da kansa?

Yara da yawa suna yin haka a farkon koyon tafiya kuma su daina kafin shekara 2. Idan abin ya zarce haka, dole a san dalilinsa, domin dalilan sun bambanta kuma maganinsu ma haka. A yaro mai otizim, lalurar da ke shafar magana da mu'amala da mutane, wadda likitocin nan ke kira tawahhud, sau da yawa ƙafar lafiyarta lau, kuma idan ya tsaya cik zai iya sauke diddigen. A yaron da ke da shanyewar gaɓoɓi daga ƙwaƙwalwa kuwa, tsokar sha-raɓa ce take ɗaurewa tana jan diddigen sama, kuma idan aka bar ta, jijiyar diddige tana gajarcewa yayin da ƙashi ke tsawo, har ta kai ko da hannu ba a iya sauke ƙafar.

A kwantar da yaron, a miƙe gwiwarsa, a tura tafin ƙafar sama a hankali ba tare da tilastawa ba. Idan ƙafar ba ta kai ta daidaita kamar ta mai tsayuwa ba, lokacin ganin likita ya yi. Haka nan idan ƙafa ɗaya ce kawai, ko yaron da yana taka diddige sannan ya daina, ko namiji ne da yake wahalar tashi daga ƙasa sai ya dafa cinyoyinsa. Magani yana farawa ne daga miƙar da tsoka, sai filasta, wato ɗauri mai tauri irin na karaya, da ake canzawa a jere, sai takalmin roba mai riƙe idon sawu, tiyata kuma ita ce ta ƙarshe.

Wane irin takalmi ya kamata mu saya, kuma ta yaya za mu gane ya yi masa daidai?

A nan ne aka fi cutar da waɗannan yara ba da gangan ba, saboda ana sayen takalmi da tambayar "ya yi maka?", shi kuwa yaron zai gyaɗa kai ko da yatsunsa a nannaɗe suke a ciki. Maimakon tambaya, a tsayar da shi a kan kwali da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan buɗe, a zagaye kowace ƙafa da biro yana tsaye da nauyinsa, a ƙara kamar santimita ɗaya a gaban yatsan da ya fi tsawo, sannan a yanke zanen wadda ta fi girma. Wannan kwalin shi za a tafi da shi kasuwa a zura cikin takalmi. Idan ya lanƙwashe a gaba ko ya naɗe a gefe, takalmin ya yi kaɗan, ko da lambarsa ta yi daidai da ta bara. Wannan dabarar tana kuma hutar da yaron da hayaniyar kasuwa ke firgitawa.

Takalmin da ake so shi ne rufaffe, mai faɗin gaba, wanda bayansa yake da ƙarfi idan an matsa shi da yatsu, yake lanƙwasa a wajen yatsu kawai ban da tsakiya, kuma yake da maɗauri. Maɗauri mai mannewa ya fi igiya, domin yaron zai iya koyon sawa da kansa. Silifa ba ta riƙe diddige, tana sa yatsu su riƙa damƙa, kuma ƙaya tana huda ta cikin sauƙi. Markub, takalmin fata na gargajiyar Sudan, yana da fa'ida guda babba, wato baduku zai iya ɗinka shi a kan zanen ƙafar yaron, abin da ke da amfani ƙwarai ga ƙafa gajera mai faɗi, sai dai a roƙe shi ya ƙara maɗauri da ƙasa mai kauri marar santsi. Takalmin gado daga wa ko ya ba laifi ba ne a wannan zamani na tsada, muddin ƙasansa bai cinye ta gefe ɗaya ba. A sake awo duk bayan wata 2 ko 3 ga yaro ƙasa da shekara 3, ga wanda ya fi haka kuma duk wata 4 zuwa 6. Kowace safiya a kaɗe takalmin kafin a sa masa, saboda tsakuwa da kunama.

Ba ya yarda da takalmi ko kaɗan. Mu ƙyale shi?

A cikin ɗaki mai tsabta babu laifi, tafiya ba takalmi tana ma ƙarfafa ƙafa. A waje kuwa ba za a ƙyale shi ba, domin ƙasar watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, tana ƙona tafin yaro, kuma wanda ba ya saurin janye ƙafa ya fi kowa ƙonewa. Da farko a tabbatar ba matse shi takalmin yake yi ba. Idan taɓawar ce ba ya so, a juya safa ɗinkinta ya koma waje, a fara da minti kaɗan a cikin gida, a haɗa sa takalmi da abin da yake ƙauna, kamar fita da babansa, har ya gane cewa ba a fita sai da shi. Duka ba ya koyar da wannan, sai dai ya ƙara masa ƙin abin.

Ƙaya ta soke shi, mun cire, wurin ya warke, amma yanzu akwai ɗan ƙullutu mai tauri da ba ya ciwo. Mu damu?

Ƙwarai kuwa, kuma wannan ita ce tambayar da ta fi muhimmanci ga mazauna wannan yanki. Sudan tana cikin ƙasashen da cutar madura ta fi yawa a duniya, kuma jihohin Sinnar, Jazira da Farin Nilu suna cikin waɗanda ta fi kamawa. Ƙwayoyin cutar suna zaune ne a ƙasa, suna shiga jiki ta ƙaramin rauni irin na ƙayar bagaruwa, aduwa ko miskit, kuma ƙafa ce wurin da suka fi kamawa. Tana farawa ne da ƙullutu a ƙarƙashin fata wanda galibi ba ya ciwo, yana girma a hankali cikin watanni ko shekaru, daga baya ya ɓula ƙananan ƙofofi masu fitar da ruwa tare da 'yan ƙwayoyi baƙaƙe, farare, rawaya ko ja. Idan aka yi sakaci tana cin nama ta kai ga ƙashi, kuma a wannan matakin ne ake yanke ƙafa.

Cutar da ba ta ciwo, a jikin yaron da ba ya kai ƙara, ba ta da mai gano ta sai hannun da ke shafa ƙafar kullum. Iri biyu ce, kuma sai gwaji ne ke bambanta su: wadda ƙwayoyin cuta dangin naman gwari ke kawowa, ita ce ta fi yawa a Sudan, ana shan maganin itraconazole na watanni masu yawa tare da tiyata, sai wadda bakteriya ke kawowa, wadda take jin maganin kashe ƙwayoyin cuta. Ba a ɗaukarta daga mutum zuwa mutum, don haka babu dalilin ware yaron ko raba masa kwano. Cibiyar binciken madura ta Jami'ar Khartum, wadda aka kafa a 1991 a asibitin Soba, ita ce ta yi fice a wannan fanni, kuma a 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa cutar cikin jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya katse aikin cibiyar, saboda haka a fara da likitan tiyata na asibitin da ya fi kusa, a ambaci sunan cutar a fili, a nemi a yi hoto da gwaji kafin a yanka.

Game da ƙayar kanta, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai tsabta, a cire ta da hantsaki mai tsabta, a rufe raunin. Idan ta karye a ciki, kada a yi ta haƙa da allura, a kai shi a cire. A duba katin rigakafinsa kuma, domin allurar da ake yi wa jarirai a mako na 6, na 10 da na 14 tana ɗauke da kariya daga cutar sarƙe-haƙora, kuma yara da yawa sun rasa ta a lokacin gudun hijira.

Yaya za mu yi da farce, faso da ƙaiƙayin tsakanin yatsu?

A yanke farce a miƙe, kada a bi kusurwa ana rarakewa, domin hakan ne ke sa ya shiga nama. Bayan wanka ya fi laushi, kuma ga yaron da ba ya tsayawa, a yanke yana barci ko a yi farce biyu yau biyu gobe. A guji reza. Farcen da ya yi kauri, ya canza launi, yana marmashewa, a nuna wa likita. Faso yana son a jiƙa ƙafa kaɗan, a goge, a shafa basilin ko man riɗi da daddare, amma ban da tsakanin yatsu, domin can bushewa ake so. Idan fatar tsakanin yatsu ta yi fari tana saɓulewa, musamman da damina lokacin da laka ke maƙale wa ƙafa, man shafawa na clotrimazole na 'yan makonni yakan warkar da ita, tare da busar da wurin da shanya takalmi a rana.

Kakarsa ta ce a kai shi wurin maɗori ko a yi masa sakiya. Mene ne ra'ayinku?

Hajiya tana faɗin abin da ta ga an yi ne, kuma da ladabi za a yi mata bayani, amma ba a yi wa wannan yaro sakiya ko ƙuna. Tsaga ƙullutun madura a gida yana ɓata lokaci kuma yana ƙara wa raunin wasu ƙwayoyin cuta. Ɗauri mai matsewa yana da haɗari na musamman a nan, domin alamar farko ta tsayawar jini ita ce ciwo da dindiris, kuma yaron ba zai faɗa ba har yatsu su yi sanyi su canza launi. Ƙafar da ta shanye daga ƙwaƙwalwa ba targaɗe ba ce, don haka murɗa ta da ƙarfi ba ya gyara komai. Baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi ma a nisanta shi daga fatar yara, saboda yana ƙona fata kuma yana ɓoye abin da ake son gani.

An ba shi takalmin gyara. Me za mu lura da shi, kuma ina ake samunsa?

A sa masa doguwar safar auduga marar tattara a ƙarƙashinsa, a fara da ɗan lokaci ana ƙarawa kullum. Bayan an cire, shatin da ya bari ya kamata ya ɓace cikin minti 20 zuwa 30. Idan bai ɓace ba, ko bororo ya fito, a dakata da sawa a mayar wa waɗanda suka ƙera shi su gyara, kada a sassaƙe shi da wuƙa a gida. Hukumar ƙasa mai kula da gaɓoɓin roba da takalman gyara tana da rassa a Gadarif, Kasala da Damazin ban da babban ofishinta na Khartum, kuma ya kamata a tambayi halin da reshe yake ciki kafin a biya kuɗin mota.

Jaririn da aka haifa da ƙafa a murɗe zuwa ciki kuwa lamarinsa dabam ne, kuma yawancin masu irin wannan ƙafa fahimtarsu lafiya lau take. Ana gyara ta da hanyar Ponseti: filasta da ake canzawa duk mako na kimanin mako 5 zuwa 8, sai ɗan ƙaramin aiki a jijiyar diddige ga yawancinsu, sannan takalmi mai sanda da ake sawa kusan yini da kwana na wata 3, daga nan da daddare har shekara 4 ko 5. An fi samun nasara idan aka fara a makonnin farko, kuma barin takalmin dare shi ne babban abin da ke sa ƙafar ta koma.

Waɗanne alamu ne ba a jira su kwana?

Yaron da ya ƙi taka ƙafa kwatsam, musamman tare da zazzaɓi, a kai shi asibiti a ranar, domin ciwon yana iya kasancewa a ƙashi ko a gaɓar ƙugu ko da yana nuna gwiwa. Haka ma kumburi mai zafi da ke hawa sama, rauni mai mugunya ko wari, yatsun da suka yi sanyi ko suka yi duhu, harbin kunama da saran maciji. Ga mai sikila, kumburin hannu da ƙafa mai zafi ko gyambo a idon sawu yana buƙatar likita. Ga mai lalurar Down akwai wata alama da ba daga ƙafa take tasowa ba: idan tafiyarsa ta canza, ƙafafunsa suka yi rauni, yana karkata wuya ko yana jin ciwonsa, ko ya fara sakin fitsari bayan ya daina, wataƙila ƙasusuwan saman wuyansa ne suka goce suna danne lakar da ke cikin ƙashin baya. A irin wannan hali kada a bari kowa ya murɗa masa wuya ko ya yi masa tausa, a hana shi tsalle da alkafura, a ɗauke shi a kwance zuwa asibitin da ke da hoton ƙashi.